Zaren gilashi mai kunne: me ake nema a binciken faiba ta musamman?

Wani ɗalibin fiziks da ke shirin aikin digiri na biyu ya rubuto mini yana cewa: "Malam, ni a sanina faiba iri ɗaya ce, wadda kamfanonin waya ke binnewa a gefen titi. Sai ga shi an ba ni batu a kan tsara faiba ta musamman don ɗaukar haske da kuma yin awo. Me ya raba ta da ta intanet? Kuma mu da ba mu da masana'antar gilashi, wane bincike za mu iya yi a kai?"

Ƙanena, tambayarka biyu ce. Ta biyun ta fi damuna, amma ba za ta amsu ba sai mun warware ta farkon.

Faibar da ka gani ana binnewa, an ƙera ta ne ta zama kurma. Rana ta gasa ƙasar da take ciki, tirela ta bi ta kanta, ruwa ya ci ramin, duk ba a so hasken da ke cikinta ya san an yi. Shekara hamsin injiniyoyi suka yi suna toshe mata kunne. Mai awo kuwa kunnen yake nema. Yana so zaren ya ji zafi, ko ya ji an ja shi, ko ya ji wata iska ta ratsa shi, sannan ya kawo labari. Wuyar aikin ita ce a samu zaren da zai ji abu guda da kyau, ya yi biris da sauran. Kusan duk wata faiba ta musamman da za ka karanta labarinta, a kan wannan zaɓin aka gina ta: me ake so haske ya ji, me ake so a ɓoye masa.

Fara da sanin ta gama-gari sosai, don da ita ake gwada kowace. Gilashin kaurinsa maikiromita 125 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), ya ɗan ɗara silin gashi. A tsakiyarsa akwai zuciya mai faɗin maikiromita 8 zuwa 9, wadda aka ɗan gauraya da sinadarin jamaniyam. Gilashin da ke kewaye da ita muna ce masa riga, sannan a waje akwai shafen roba da ya kai kaurin zuwa 250. Jamaniyam ɗin yana sa haske ya ɗan fi jinkiri a zuciya fiye da a riga, kuma bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Wannan ɗan bambancin ya isa ya tsare hasken. Ka cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗaga shi ka leƙi saman ruwan daga ƙasa a karkace, za ka ga ya zama madubi. Abin da ke faruwa ke nan a iyakar zuciya da riga.

A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Harlow ta Ingila, suka nuna cewa abin da ke shanye haske a gilashi ƙazanta ce, musamman ƙarfe, kuma in aka rage asarar zuwa desibel 20 a kilomita za a iya sadarwa da shi. Desibel 20 na nufin kashi ɗaya cikin 100 na hasken ne zai fita bayan kilomita guda. A 1970 Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning a Amurka suka sauko ƙasa da wannan iyaka, suka kai wajen 17. Yau faibar kasuwa tana asarar kusan desibel 0.2 a kilomita, idan aka yi amfani da haske mai tsawon zango nanomita 1550 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita), wanda ido ba ya gani. Sai an yi tafiyar kilomita 15 kafin rabin hasken ya salwanta. Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009.

Ba narka yashi ake yi a ja ba, kamar yadda mutane ke zato. Daga tururin sinadarai masu matuƙar tsabta ake gina gilashin, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har a sami sanda mai kauri. Ita ce uwar zaren. Ana rataye ta a saman dogon hasumiya, a zafafa bakinta zuwa wajen digiri 2,000, ta yi laushi kamar alewa, a ja ta ta sirance. Duk fasalin da ke cikin sandar zai fito a zaren, sai dai a ƙanƙance. To a nan ne mai tsarawa yake da hannu: me zai gauraya a zuciya, wace siffa zai ba ta, me zai jera kusa da ita.

Sauya garwaye kaɗai ya taɓa juya duniyar sadarwa. A 1987 ƙungiyar David Payne a Jami'ar Southampton, da ta Emmanuel Desurvire a Bell Labs, suka nuna cewa 'yan mitoci na faibar da aka sa wa sinadarin erbiyam, idan aka ciyar da ita da hasken wata leza, tana ƙara wa saƙon da ya gaji ƙarfi ba tare da an mai da shi lantarki ba. Irin wannan ce ke cikin akwatunan da aka jera a jikin wayoyin ƙarƙashin teku na zamani da ke sauka a Legas. Wata kuma da za ka haɗu da ita da wuri ita ce PANDA, wadda aka ƙirƙira a Japan a farkon shekarun 1980. An sa sanduna biyu na gilashi mai sinadarin boron a gefen zuciya, dama da hagu. Idan zaren ya huce, sandunan sun fi sauran gilashin tsukewa, sai su bar zuciyar cikin matsi na dindindin. Matsin yana hana fuskar kaɗawar haske jujjuyawa. Da faiba mai wannan hali ake naɗa ma'aunin juyi na jiragen sama da na ruwa: a aika haske ta fuska biyu cikin naɗin, in jirgi ya juya ɗaya ya riga ɗaya isowa.

Yanzu mu shiga awo, inda aikinka yake.

A 1978 Ken Hill, a wata cibiyar binciken sadarwa da ke Ottawa a Kanada, ya lura cewa haske mai ƙarfi yana barin tabo a zuciyar faiba mai jamaniyam. A 1989 Gerald Meltz da abokan aikinsa a Amurka suka gano yadda za a rubuta tabon daga gefe, da tazarar da aka ga dama. Abin da ake samu shi ne tsage a jere, dubbai, kamar haƙoran mataji, tsakanin kowanne da na gaba kusan rabin maikiromita. Ana kiransa tsagen Bragg. Halinsa shi ne ya bar kowane launi ya wuce, ban da guda ɗaya da ya dace da tazararsa, wanda yake mayarwa baya. Ka ja zaren, tazarar ta buɗe, launin da ke dawowa ya gusa. Idan mita ɗaya ta miƙe da maikiromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan, launin, wato tsawon zangon hasken, yana gusawa da kusan fikomita 1.2 (fikomita kashi ɗaya ne cikin dubu na nanomita). Abin da ya sa ake son wannan hanya shi ne launi ake karantawa. Ko haske ya ragu saboda mahaɗi ya yi datti, launin yana nan yadda yake. Kuma zare ɗaya yana ɗaukar tsage gomomi, kowanne da launinsa, a jikin gada ko fiffiken jirgi ko cikin taransifoma, inda wayar tagulla ba ta da damar shiga saboda lantarki.

Ga inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Zafi ma yana gusar da launin, kusan fikomita 10 a kowane digiri. Ke nan digiri ɗaya yana kama da miƙewa takwas cikin miliyan. Ka tuna yadda hunturu yake a Kano ko Damagaram: da asuba mutum na rawar ɗari, da azahar yana neman inuwa, bambancin yakan kai digiri 15 ko fiye. Tsagen zai gusa da fikomita 150 ko babu abin da ya taɓa shi. In ka manna shi a jikin ƙarfe abin ya ƙaru, don ƙarfen kansa yana buɗewa da kusan 12 cikin miliyan a kowane digiri. Wanda bai san wannan ba sai ya kai rahoton cewa gada tana lotsawa kullum da rana. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye tsage na biyu a kusa, ba a manne ba, ya riƙa auna zafi shi kaɗai, a cire. Maganin mai bincike kuwa shi ne ya tsara zaren da zai ba da amsa biyu masu hali daban, misali a rubuta tsagen a cikin faiba irin PANDA, inda launi biyu ke dawowa kuma tazarar da ke tsakaninsu tana bin zafi. Duk takardar da ta yi alfahari da kaifin ji amma ba ta faɗi yadda za ta raba zafi da ja ba, ni ban ɗauke ta aikin awo da ya kammala ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan ban mamaki, wadda ba ta bukatar a rubuta komai. Gilashi narkakken abu ne da ya daskare, don haka cikinsa ba sumul yake ba, akwai 'yan gargada ƙanana ko'ina. Suna warwatsa ɗan haske, wani ya komo baya. Wannan warwatsuwa ta Rayleigh ita ce ta sa sama take shuɗiya, kuma ita ce babbar asarar da masu sadarwa suka kasa kawarwa. Mai awo sai ya mai da ita jari. Na'urar da masu gyaran faiba ke yawo da ita, OTDR, da wannan take gano inda katafila ta tsinke waya: ta harba ƙyaftawar haske, ta ƙirga lokacin dawowa. Haske a gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowace mita, zuwa da dawowa, tana cin nanodaƙiƙa 10.

Idan lezar tana da tsabtar launi ƙwarai, hasken da ya komo daga kowane yanki yana da zanensa, kuma girgiza komai ƙanƙantarta tana sauya zanen. Sai zaren gaba ɗaya ya zama jerin makirfo. A 2018 Nate Lindsey da abokansa suka ari wayar ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 20 a gaɓar Monterey ta Kalifoniya na kwana huɗu, suka mai da ita ma'aunai wajen 10,000, suka naɗi girgizar ƙasa mai ƙarfin 3.4, har suka ga tsagogin ƙasa da ba a san da su ba. Ka yi wannan lissafin da kanka, zai koya maka abu: a zare mai kilomita 50, zuwa da dawowa rabin milidaƙiƙa ne. Ba za ka harba ta biyu ba sai ta farko ta gama dawowa, don haka iyakarka harbi 2,000 a daƙiƙa, kuma sautin da za ka ji bai wuce hazi 1,000 ba, wato kaɗawa 1,000 a daƙiƙa. Ka ƙara nisa, ka rage ji. Ban da ta Rayleigh, akwai wasu nau'o'in warwatsuwar haske biyu. Ta Raman ana auna zafi da ita mita bayan mita, a jikin manyan wayoyin lantarki da madatsun ruwa. Ta Brillouin tana dawowa da gushin kusan gigahazi 11, wanda ke motsawa da kusan megahazi ɗaya a kowane digiri, kuma ita ma tana jin ja.

Ina tuna wannan fasaha duk lokacin da aka yi maganar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, ko bututun man da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar Benin. Zare ɗaya da aka binne kusa da bututu yana iya jin diga, jin mota, jin yoyo. Sai dai jin ba shi ne wahala ba, fahimtar abin da aka ji ne. Garken shanu ya ratsa, manomi yana huɗa, babur ya wuce, duk za su shigo. In ƙararrawa ta yi ta bugawa a banza, masu gadi za su daina kula ta. Sannan zaren ya fi jin motsin da ya bi tsawonsa fiye da wanda ya zo masa a gicciye, shi ya sa ake ƙera wayoyin da aka murɗa zaren a ciki kamar igiya. Wasu kuma suna rubuta raunanan tsage a tsawon zaren da gangan, hasken da ke dawowa ya ninku kusan sau ɗari. Ka ga abin da masu sadarwa suka yi ta yaƙi da shi, masu awo suna ƙara shi da kuɗinsu.

Kada ka raina shafen waje. Robar da aka saba tana jure digiri 85. A rijiyar mai ana sa shafen foliyimaid mai kai 300, a wuraren da suka fi zafi kuma a sa alminiyam ko zinariya. A can ƙasa iskar haidurojin tana kutsawa cikin gilashi, ta haɗu da jamaniyam, zaren ya dushe har ya makance. Don haka ake yin zuciya ta gilashi zalla, a rage wa rigar ƙarfin lanƙwasa haske da sinadarin fulorin, a ƙara siririn shafen gawayi ya tare iskar. Sau da yawa ma'aunin da ya mutu a fili ba gilashinsa ne ya gaza ba, gam ne ko shafe.

Mai yiwuwa batun da aka ba ka ya fi karkata ga faiba mai ramuka, don ita ce ta cika mujallu. Philip Russell ne ya kawo tunanin. A 1996 shi da Jonathan Knight da Tim Birks suka fitar da ta farko a Southampton. Sukan jera ƙananan bututun gilashi kamar saƙar zuma, su ja su tare, ramukan iska su bi tsawon zaren. Da girman rami da tazararsa kaɗai ana iya juya halin haske yadda garwaye ba zai iya ba. A 1999, bayan sun koma Jami'ar Bath, suka nuna wadda zuciyarta rami ce, hasken yana tafiya cikin iska. Shekaru da yawa asararta ta hana ta kasuwa. A 2014 Francesco Poletti ya ba da tsarin 'yan bututu masu siririn bango, wani cikin wani, ba sa taɓa juna, a kewaye da ramin. Microsoft ta sayi Lumenisity, kamfanin da ya tsiro daga wannan aiki, a 2022, kuma a 2025 aka wallafa asarar desibel 0.091 a kilomita. Mafi kyawun faibar gilashi zalla tana wajen 0.14. Wannan babban al'amari ne a wurina, don mun daɗe muna koyar da cewa Rayleigh ita ce ƙasan da ba a wucewa. Ƙari a kan haka, haske a iska yana cin kilomita a maikirodaƙiƙa 3.3, a gilashi kuwa kusan 5.

Ga mai awo, ramin ɗaki ne. Ka cika shi da iskar da kake son aunawa, hasken ya yi doguwar tafiya tare da ita. Iskar gas ta mitan tana shan haske a nanomita 1650, ta fi sha a wajen 3300, inda gilashin silika ya riga ya toshe, sai dai a koma gilashin fulorayid irin wanda aka gano a Rennes ta Faransa a tsakiyar shekarun 1970, ko zuciya mai rami. Amma iska tana shiga ramin ne a hankali, kuma in ka ninka tsawon zaren biyu lokacin cikawa ya ninku huɗu. Ana huda gefe da leza don a gaggauta. Kofar da iska ta shiga kuwa, ƙura da laima ma ta nan za su bi.

To, tambayarka ta biyu. Gaskiya ne ba mu da hasumiyar ja, kuma yawancin masu wallafa takardu a wannan fanni a duniya ma ba su da ita. Shi ya sa aka samu ambaliyar aikin kwamfuta: a zana ramuka masu ban sha'awa, a shafa zinariya mai kaurin nanomita 40 a cikin ramin da bai kai silin gashi ba, a sanar da kaifin jin da ya zarce na kowa. Na duba irin waɗannan ayyuka da dama, kuma tambaya ɗaya takan tsayar da mai su: wa zai iya ƙera wannan? Rami mai kusurwa huɗu, in gilashi ya yi laushi, zagaye zai koma. Siririn bango zai rufta. Abin yana ba ni takaici, don yara masu kaifin ƙwaƙwalwa ne suke ɓata shekara biyu a kan zanen da wuta ba za ta bari ya rayu ba.

Aikin kwamfuta ba laifi ba ne, tsarin Poletti ma a lissafi ya fara. In za ka yi, fara da gwada manhajarka a kan faibar da kowa ya sani. Ko COMSOL ce jami'arku ta saya, ko MPB da Meep na kyauta daga MIT, ka gina faibar gama-gari ka gani ko za ta ba ka abin da ke takardar masana'anta: bazuwar launi, wato bambancin gudun launuka da ke sa ƙyaftawar haske ta bazu, ta zama sifiri a wajen nanomita 1310, ta kai kusan 17 (fikodaƙiƙa a kowane nanomita a kowace kilomita) a 1550. In ba ta ba ka ba, kada ka yarda da duk abin da za ta faɗa a kan sabon zanenka. Bayan haka ka girgiza zanen: ƙara girman ramuka da kashi 2 cikin 100, rage, gusar da guda. Idan sakamakon ya watse, ba ka da ma'auni. Ka lissafa yadda za a haɗa shi da faibar gama-gari da asarar da za a yi a mahaɗin. Ka sa zafi daga digiri 10 zuwa 50 ka ga abin da zai faru. Kuma ka ɗauko zanen daga wata bukata: ruwan rijiya mai gishiri, man fetur da aka gauraya da kananzir, zafin taransifoma, danshin rumbun hatsi.

Ina kuma roƙonka ka taɓa gilashi da hannunka. Na'urar walda faiba da abin yanka ta suna hannun masu aikin kamfanonin sadarwa a kowane babban gari, kuma da yawansu sun fi malaman aji sanin halin zaren. Ka yanko guntun faiba mai faɗin zuciya, 'yan santimita, ka walda shi tsakanin biyu na gama-gari, ka sami ma'aunin zafi da lanƙwasa. Faibar roba mai kaurin milimita ɗaya, da jan fitila ta nanomita 650 da ɗan idon lantarki, ta isa ka kankare gefenta ka auna bambancin ruwaye. Don ƙarin horo ka sa ido kan kwas ɗin haske da cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya ke yi, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 saboda masana daga ƙasashe irin namu, sannan Jami'ar Cape Coast a Ghana tana da cibiyar leza da faiba.

In ka fara aikin teburi, guntayen gilashin da ka yanke ka tara su a kwalba mai murfi, don in suka shige fata ba a ganinsu, kuma kada ka ci abinci a wurin. Kada ka leƙa bakin zare don ka ga ko akwai haske, na 1550 ba ya ganuwa amma yana iya lahanta ido. Wasu takardu za su ce a sirantar da riga da asid na haidurofulorik. Wannan asid yana ratsa fata ya kai ƙashi tun kafin a ji zafinsa sosai. In ɗakin gwajinku ba shi da akwatin zuƙe tururi da maganin kalsiyam gulukonet a ajiye, ka bar shi, ka sirantar da zaren da zafin na'urar walda.